Jitar da Ta Ci Garayar Zakari

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma in aka cuce ni ina ganewa. Sunana Hasana, a Kwatarkwashi nake zaune, ƙasar Bungudu, gidanmu na gindin dutse. Mijina Zakari makaɗin maharba ne, garaya yake kaɗa musu. Da ya rasu bai bar mana shanu ba. Gona ya bari, da ɗanmu Bashar, da garayar nan da ya gada wajen ubansa, wadda ya rufe da fatar gadar da ya harbo da hannunsa.

A gidan su Zakari akwai abin da suke yi tun kakanni. In makaɗi ya mutu, ranar da aka kai shi ake sassauta tsirkiyar garayarsa, a rataye ta a ɗaki. Ba mai sake ɗaure ta sai ɗansa, ranar da ya ji zai iya. Ni na sassauta ta Zakari da hannuna bayan an dawo daga maƙabarta. Na rataye ta, ina goge mata ƙura, ina jiran Bashar. Shi kuwa kabu-kabu yake yi da babur, kiɗan da ke cikin waya shi ne a ransa. Ban taɓa matsa masa ba. Na ce ranarsa za ta zo.

Bayan an kwashe waken suya bana, na dawo daga gidan suna na tarar da abokansa cike da zaure. Bashar na tsakiya, rungume da wani jan abu mai walƙiya, dogon wuya, tsirkiyoyi reras.

"Inna, jita ce," in ji shi. "Ta lantarki. Da ita zan rinƙa zuwa biki."

"To, kaɗa mu ji."

Ya kaɗa. Wallahi kukan sauro ya fi ta ƙarfi. Ya murɗa wani maɓalli, ya sake kaɗawa, shiru. Wani cikin abokan ya ce ko kunya take ji don ta ga baƙi, aka kwashe da dariya. Bashar bai yi dariya ba, zufa ce ke zubo masa. Ya ce a shagon da ya saye ta a Gusau, da aka taɓa ta sai da kwanon rufi ya amsa.

Na shiga ɗaki in ajiye mayafi, na ɗaga kai, ƙusa kawai na gani a bango.

Ban yi ihu ba. Na jira abokan suka watse, sannan na kira shi.

"Ina garayar ubanka?"

Ya sunkuyar da kai. Kuɗin wakensa ne ba su kai ba, mai shagon ya tambaye shi ko yana da wani tsohon kayan kiɗa a gida ya cika da shi. Wai ai jitar ce mafi araha a shagon, wai garayar ma ba mai kaɗa ta, a rataye kawai take.

"A rataye take tana jiran wa?" na ce masa.

Washegari na naɗe jitar a zane, na ɗora a kai, na tafi tasha. Bashar ya ce zai kai ni a babur, na ce ban hawa babur ɗin wanda ya sayar da ubansa. A hanya, a shingen jami'an tsaro, wani ya ga dogon abu a naɗe ya ce in kwance. Da ya ga jita sai ya ce, "Inna, a ina za a yi wasan mu zo?" Na ce masa a shagon wani azzalumi, in yana da lokaci ya biyo ni.

Shagon na cikin layin masu kayan lantarki a Gusau. Mai shi yaro ne fari, Faruk, sai ƙamshin turare yake. Na dire masa jitar a kan tebur.

"Ga kurmar da ka sayar wa ɗana. Ba ni garayar mijina."

"Sannu da zuwa, Inna. Zauna mana."

"Ban zo zama ba."

Ya ɗauko wata baƙar igiya, ya soka baki ɗaya a cikin jitar, ɗayan a wani babban akwati mai lasifika da ke bayansa. Ya ja yatsa. Ƙarar sai da ta shiga mini ciki.

"Kin ji ko? Lafiyarta lau. Amfilifaya take so, wannan akwatin."

"Ka gaya masa sai da akwatin take magana?"

"Bai tambaya ba, Inna."

"Yaya zai tambayi abin da bai san da shi ba? Kai da ka ɓoye akwatin bayan tebur, ka bar shi yana zaton daga cikinta muryar ke fita? Ka tambaye shi ko unguwarmu muna ganin wuta?"

Ya ce akwatin ma yana sayarwa, in Bashar ya shirya zai yi masa sauƙi. Na tambayi maƙwabcinsa, ya ce akwatin ya fi jitar tsada nesa ba kusa ba. Nan na buɗe murya. Na ce jama'a ku zo ku ga mai sayar da rabin kaya ya karɓi gadon maraya. Mutane suka taru, har aka kira shugaban layin, wani dattijo mai farin gemu.

Dattijon ya saurare ni har na gama, ban rage komai ba. Ya tambayi Faruk ko an yi sallama a cinikin, ya ce an yi, Bashar da bakinsa ya ce Allah ya sa albarka. Dattijon ya juyo gare ni.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Kayan ba su da aibi, ciniki kuma ya faɗa. Ba ni da ikon tilasta shi ya karɓa."

"Ni ba Hajiya ba ce, ban je ba. Kuma ɓoye gaskiya ba aibi ba ne a wajenku?"

Sai dattijon ya dubi Faruk ya ce abin da ya yi bai kyauta ba, ko da kasuwa ba ta kama shi ba, ya fito da garayar a san yadda za a yi. Faruk ya sosa ƙeya. Ashe tun ranar ya sayar da ita. Wani mutumin Tsafe ne, Markus, mai waƙa a coci, ya zo sayen batir ya gan ta. Dama Markus ɗin ya taɓa ce wa Faruk in ya samu irinta ya ajiye masa. Ka ji dalilin da ya sa ya tambayi ɗana tsohon kayan kiɗa.

Na naɗe jitata. Kafin in fita na ce wa Faruk, "Allah ya isa tsakanina da kai." Dattijon ya ce in janye, na ce ban janyewa.

Na hau motar Tsafe. Ban san kowa a garin ba, amma da na ce Markus mai waƙa a coci, wani mai shayi ya nuna mini layin. Matarsa Rut ce ta fito, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na ce ba zan sha ba sai na ga maigidan. Ya fito, dattijo ne sa'ana, da tabarau, ya bar aikin gwamnati. Na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya shiga ya ɗauko garayar.

Tun daga nesa na ga tsirkiyar a miƙe. An ɗaure ta tamau. Da ya miƙo mini na juya bayanta, sai ga rami an huda, wata siririyar waya ta leƙo daga ciki.

"Wa ya ɗaure ta?"

"Ni ne, Inna."

"Wa ya huda ta?"

"Ni ne. Ɗan makirfo na sa mata don a ji ta a coci ranar godiyar kaka. Mahaifina molo yake kaɗawa a garinmu, tun da ya mutu nake neman mai irin muryar."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, ni da ko ranar mutuwar Zakari ban yi kuka gaban mutane ba. Na gaya masa ko ta wace ce, da dalilin da ya sa ya same ta a sassauce. Na ce shekara da shekaru ina hana ko kaza ta taɓa ta, ina jiran hannun ɗansa, yau ga shi baƙo ya riga shi. Na faɗi maganganu masu zafi, ban tauna ba. Rut ta zauna kusa da ni ta yi tagumi.

Markus ya cire tabarau ya goge ido. "Wallahi ban sani ba. Cewa aka yi mai ita ya gaji da ita. Da na sani ko taɓa ta ba zan yi ba. Ki ɗauki abarki."

"Ban zo roƙo ba. Kai ma saye ka yi." Na tura masa ƙunshin zanen. "Ga abin da aka ba ɗana a madadinta. In tana da amfani wajenka, riƙe."

Ya kwance, ya dudduba, ya ce mai araha ce amma za ta yi, suna da akwatin a coci, da janareta, samarin sun daɗe suna son irinta. Ya ce ai jitar ta fi abin da ya biya, zai cika mini. Na ce wannan tsakaninsa da Bashar ne, shi ya zubar da wakensa, ya zo da ƙafarsa ya ji kunyar.

Ya zare wayar a hankali, ramin dai ya zauna, babban yatsa zai shiga. Sannan ya tambaye ni, "Tsirkiyar fa, Inna?"

"Kai ka ɗaure, kai za ka kwance."

Ya sassauta ta a gabana. Sai a lokacin na sha ruwan Rut.

La'asar sakaliya na iso gida. Bashar na zaune a zaure, bai fita aiki ba. Na ajiye garayar a gabansa, na juya masa bayanta ya ga ramin.

"Wannan kai ka huda shi, ba Markus ba."

Ya daɗe yana kallonta. Ya shafa fatar, wajen da hannun ubansa ya cinye gashin.

"Inna, ni fa ban iya kaɗa ta ba."

"Ban ce ka kaɗa ba."

Na shige ciki na bar shi da ita. Ina hura wuta na ji yana fama da tsirkiyar, tana zamewa yana sake ja. Can sai na ji sauti ɗaya ya fito, ba daidai ba, da ɗan huci ta wajen ramin, amma har madafa ya iso. Ban leƙa ba, na ci gaba da tuƙa tuwona.

Da na shiga ɗaki daga baya na same ta a kan ƙusarta, a ɗaure.

Faruk kuwa har yau shagonsa na nan, akwatin na bayan tebur. Ranar da duk na shiga Gusau sai na bi ta layin, in tsaya a ƙofarsa, in gaya wa wanda na tarar yana ciniki ya ce a cire igiyar tukuna ya ji. Ya kai ƙarata wajen shugaban layin. Dattijon ya ce masa hanya ta kowa ce.