Muryar Ƙarfe Bakwai

Uwaisu mutum ne da ba ya iya barin abu yadda ya same shi. Shi ke riƙe da jadawalin ban ruwa na manoman albasa a Kagara, wa zai sha ruwa Litinin, wa zai jira Laraba. Tsohuwar kwamfutar da yake wannan aiki da ita ma bai ƙyale ta ba, sai da ya koya mata tashi da kanta. Ya sa mata wata manhaja, ya saita ta: ƙarfe bakwai na safe ta kunna kanta, sha biyu ta kashe kanta kafin zafin kwano ya dafa ta. Sannan, don neman magana, ya cire ɗan kiɗan da take yi in ta tashi, ya sa muryarsa a gurbinsa.

"Rahama, miƙo shayi, ma'aikata sun hito."

Shekara uku matarsa Rahama tana mita a kan wannan kira. Sai zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke Uwaisu a tsakiyar damina. Kwamfuta kuwa ba wanda ya yi mata ta'aziyya. Washegarin jana'iza, bakwai na bugawa, ta nemi shayi. Rahama ta yi kuka har numfashinta ya sarƙe, amma ba ta zare wayar wutar ba. Tun daga ranar, kafin bakwai ta riga ta shiga ɗakin da kwamfutar take ta ja ƙofa. A duk takabarta wannan ne kaɗai lokacin da take jin ita matar wani ce.

A wata na biyu na'urar ta fara rikicewa. Yau ta tashi da azahar, gobe ta ƙi tashi sam. Mai takaba ba ta yawo, don haka yayanta Ƙasimu ya naɗe kwamfutar a bargo, ya ɗaure a bayan babur, ya kai wa wani mai gyara a Wurno.

Da hantsi ya bugo waya. Rahama na zaune a tsakar gida, kusa da ita surukarta Inna Safara'u tana tsince wake a faifai. Wayar kuma irin mai ƙarar nan ce da ba ta riƙe sirri.

"Mai gyara ya ce batirin agogonta ya mutu, ya canza shi," in ji Ƙasimu. "Amma cikinta ya dagule, sai an share komi an zuba sabo. Jadawalin dai 'yan ƙungiyar manoma sun kwashe. Akwai wani abu da kika so a hidda?"

Rahama ta saci kallon Inna. Uwaisu ɗan fari ne. Tsohuwar nan ba ta taɓa kama sunansa ba, yana raye "wancan" take cewa, da ya rasu ko hawayenta ba wanda ya gani. To da wane baki Rahama za ta ce, a gaban uwar miji, muryar mijinta take so? Kunya ta hana ta faɗa.

"Babu komi, Yaya."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Inna ba ta ɗago kai daga faifanta ba. Rahama ta wuni tana lallashin kanta cewa wataƙila muryar a cikin lasifika take zaune, inda shara ba ta kaiwa. Ta san ƙarya take yi wa kanta.

Da la'asar Ƙasimu ya dawo yana yabon mai gyara. Aiki tsaf, in ji shi, an sake sa manhajar, an saita bakwai da sha biyu daidai yadda marigayi ya bari. Ya jona mata wuta, ya yi sallama.

Da safe Rahama ta dafa shayi, ta shiga ta ja ƙofa. Bakwai daidai fankar kwamfutar ta fara juyawa, allon ya yi haske. Sai ɗan kiɗan kamfani ya fito, gajere, mai daɗi, na kowa da kowa. Ta jira. Ba abin da ya biyo baya. Baƙin cikin da ya rufe ta ya fi na ranar jana'iza, domin wannan karon da bakinta aka yi.

Ƙofa ta motsa. Inna Safara'u ce tsaye da carbi a hannu. A bayanta, jikin bangon ɗakin, ga turmi a kife, ƙasan wurin ya yi sumul saboda zaman tsohuwar na kowace safiya. Rahama ba ta taɓa lura da shi ba.

"Yau bai yi magana ba?" in ji Inna.

Rahama ta girgiza kai.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon allon.

"Na ji sa'adda Ƙasimu ka tambayarki," ta ce a hankali. "Ni ba ni iya hwaɗi. Na aza ke za ki hwaɗi."

Ta shigo ta zauna a bakin gado, karo na farko tun rasuwar. Shayin ya huce a tsakaninsu. Suna nan har sha biyu, kwamfutar ta kashe kanta.