Karyar Namadi

Ni dai tun ina yarinya ba na shiri da kare, sai ga shi Allah ya haɗa ni katanga ɗaya da mai karnuka har uku. Namadi ne, mafarauci, wanda ɓarayin daji suka koro daga wajen Zugu ya dawo nan Bagega da iyalinshi. Mutum ne mai kunya, ba ya ɗaga ido ya dubi mace. Amma karnukan nan, wayyo ni Laraba! Biyun da sauƙi. Jar karyar ce masifa, Durwa suke ce mata.

Ɗiyata Zaliha tana goye a bayana lokacin da gubar dalma ta ɗebe yaran garin nan. Ita Allah ya bar mini, sai dai ya bar ta da faɗuwa. Tana cikin magana sai ta sandare, ta zube tana jijjiga. Ubanta ya rasu, ni da ita ne a gidan, da kaskon ƙosaina. Ga ta budurwa yanzu, amma ko rijiya ba na barinta ta je ita kaɗai.

To, tun zuwan Namadi na lura da wani abu. Sai karyar nan ta zo gindin katangata ta kafa kai a wata ɓaraka, ta yi ta haushi kamar ranta zai fita. Ina fitowa da muciya ina zagi, kafin in rufe baki Zaliha ta faɗi. Aka yi haka sau da yawa. Wa zai ce mini ba haushin ke kayar da ita ba? Kowa ya san kare yana ganin abin da ba mu gani, na ce tabbas ita ke kiran aljanu.

Na tare Namadi a ƙofar gida na ce, "Malam Namadi, karyarka za ta kashe mini ɗiya."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Innar Zaliha, wallahi wagga karya ba ta haushin banza. Ni ma ban san mi take gani ba."

"Ba ka sani ba? To ni na sani."

Na kai ƙara wajen mai unguwa Ɗahiru. Ya ce za a duba. Na koma, aka ce ya tafi ɗaurin aure Gummi. Na je wajen duba-gari, ya ce shi kwata da shara ya sani, ba bakin kare ba. Ɗan sanda kuwa dariya ya yi, wai mutane na fama da masu bindiga ni ina fama da haushi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sai na ɗauki kaskona da itacena na koma ƙofar zauren mai unguwa, nan nake suya kowace safiya, hayaƙi na shiga mishi har ɗaka. Duk wanda ya zo sayen ƙosai sai na ba shi labarin kare kyauta.

Ai kuwa ba a jima ba ya fito yana tari. "Laraba, ke dai ba ki da dama! Naki ba wasa ba ne. A kawo karyar."

Aka ɗaure Durwa a gindin darbejiyar ƙofar gidanshi, aka ce ranar kasuwa masu sayen karnuka za su tafi da ita. Ni kuwa har guɗa na yi.

Unguwa ta yi tsit. Ana jibi kasuwa, da hantsi, ina cikin ɗaki ina tsince wake, Zaliha na waje tana kula mini da wuta. Ban ji komai ba. Ƙaurin zane ne ya fito da ni. Na same ta kwance a bakin murhu, hannunta na dama cikin garwashi, man kasko yana tangaɗi a saman kanta. Na fizgo ta ina salati, na kashe wutar zanen da tafin hannuna.

Sai da na zauna ina riƙe da ita jikina ya yi sanyi. Tun zuwan karyar nan Zaliha ba ta taɓa faɗuwa ba ina nesa. Kullum ina tsakar gida, muciya a hannu, ina zagi, kuma kullum a jikina take zubewa. Yau babu haushi, ta faɗi duk da haka, kuma babu wanda ya kira ni.

Ranar kasuwa da safe na kai ta asibiti a wanke ƙunar. A dawowa muka biyo ta ƙofar mai unguwa. Yana zaune da dattawa, ga mai sayen karnuka ya iso da kejin ƙarfe a bayan babur, Namadi na tsaye gefe kamar an yi mishi mutuwa. Durwa na kwance, ta rame, ko kallon mutane ba ta yi.

Muna zuwa daidai bishiyar ta miƙe zumbur. Ta ja igiya har tana shaƙe kanta, idonta a kan Zaliha, ta fara wannan haushin da na sani.

Mai unguwa ya ce, "Kin ji ko? Yau dai kin huta."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ku ba ni tabarma."

"Tabarmar mi?"

"Ku ba ni dai!"

Wani dattijo ya tashi daga kan tashi tabarmar. Na kwantar da Zaliha a kan gefenta, na cire ɗankwalina na tallafe mata kai. Tana ta dariyar kunya, tana cewa, "Inna, lahiyata lau fa, mutane na kallo." Kuma gaskiyarta, ras take. Dattawa suka fara duban juna, na ji wani yana cewa matar nan ta taɓu. Karya dai ba ta fasa ba.

Can sai dariyar ta tsaya a bakinta. Idonta ya juye, jijjigar ta zo, a kan tabarma, kanta a hannuna, babu wuta babu dutse. Durwa ta yi shiru nan take, ta kwanta ta ɗora haɓa a ƙasa tana kallonta.

Mai babur ya kashe injinshi. Ita mai ciwon ba ta sani ba, ni da na haife ta ban sani ba, likita da na'urarshi bai taɓa gaya mini lokacin ba, amma dabbar da nake jifa da muciya ta sani. Mai unguwa ya cire hula ya riƙe a hannu, yana ta maimaita, "Subhanallahi. Wa ya sanar da ita? Wa ya sanar da ita?" Namadi kuwa hawaye ne ke bin gemunshi.

Da Zaliha ta farfaɗo, mai unguwa ya gyara murya ya ce, "To Laraba, ke kika kawo ƙara. Mi kike so a yi?"

Na tashi na nufi bishiyar. Ƙullin igiyar ya ɗaure tamau, na durƙusa ina fama da shi, karyar na huci a fuskata, har ta lashi hannuna inda wuta ta ƙone ni.

Wata tsohuwa ta ce, "Ke Laraba, yawun kare fa!"

Na ce, "Akwai ruwa a gida, Inna. Ɗiya ce ba ni da wata."