Manyan na Gida

"Ku ɗaga shi mana, kun tsaya kuna kallo kamar an kafe ku!"

Ni ce na faɗa, da almakashi a hannuna. Mai Taru ne kwance a bakin kwata, takalminsa ɗaya ya yi nasa wuri. Masunci ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da shagona na ɗinki. Da aka tashe shi ya buɗe baki zai yi godiya, maganar ta fito a cakuɗe kamar mai tauna tsumma.

Wanzamin layinmu ya matso yana shinshina shi, wai shi gwani.

"Uwar ɗinki, mutumin nan fa ya fara sha."

"Shan me? Mutumin da ko sigari bai taɓa kunnawa ba? Koma ka ƙarasa wa mutane askinsu."

Na kore shi, amma ni ma hankalina bai kwanta ba. Kwanakin baya ya kawo min rigunansa ya ce in cire maɓallan duka, wai yatsunsa ba sa jin su. Leɓɓansa ma, in ji shi, kamar na aro. Sai kuma ya fara karo da ƙyaure. In ka tsaya a gefensa ba ya ganinka sai ka zo gabansa sak.

Kowa da wanda yake zargi. Ƙanwarsa ta ce abokin jirginsa ne ya yi masa asiri don ya gaje kwalekwalen. Abokin jirgin ya ce a dai binciki abin da matarsa take zuba masa a abinci. Ni kuwa har tukunyar matar na leƙa da sunan neman ashana. Kifi ne kawai, wani ƙato, tana ta zaɓe wa Auta tsoka.

Auta 'yarsu ce, mijinta direban babbar mota, shi ya sa ta dawo gida da tsohon cikinta. Tun tana ƙarama dokar ubanta a kan kifi ɗaya ce: "Ƙananan na kasuwa, manyan na gida." Da ta samu ciki kuwa sai abin ya zama kullum, safe da yamma.

Ranar da hannunsa ya kasa kai kofi baki muka kai shi asibiti. Likitar ta yanki gashinsa kaɗan, ta dubi cikin Auta, ta yanki nata ita ma. Da sakamako ya fito ta zaunar da mu a waje.

"Gubar zaiba ce. Masu wanke zinare a saman kogi suna zubar da ita a ruwa. Ƙananan kifi su ɗauka, manya su cinye ƙananan, sai ta taru a jikin manyan."

"To ai muna dafawa sosai," in ji matar.

"Wuta ba ta kashe ta, Mama. Ƙwaƙwalwa take ci. Kuma tana ratsawa har wurin ɗan da ke ciki."

Auta ta ɗora hannu a cikinta. "Nawa fa, likita?"

"Ki daina ci daga yau. Sauran sai ya zo mu gani, ko yana ji, ko zai zauna ya yi tafiya a kan lokaci."

A hanya matar ta ce, "Duk wanda ya gaya masa cewa shi ya yi ta ɗura mata gubar, ban yafe ba."

Muka dawo da shi gida, ba ya iya tashi, kunnen ma ya tafi saura kaɗan. Amma bai manta da dokarsa ba. Ya sa abokin jirgin ya riƙa kawo babban kifi kullum, sai ya shafa shi da tafin hannu sannan ya yarda. Mu kuma mu zagaya bayan gida mu binne.

Sai ya fara zarginmu. Hancinsa ƙalau yake, kuma gidan ya daina ƙamshin kifi. Duk wanda ya shigo sai ya juyo da kansa gaba ɗaya ya tsare shi da ido. Wata safiya ya damƙe min wuyan hannu.

"Maƙwabciya... ke ba kya ƙarya. Ta ci?"

Auta na tsaye gefen gadon, inda ba ya iya ganinta, hawaye na zuba. Na sunkuya a kunnensa na ɗaga murya har wanzami ya jiyo daga shagonsa.

"Ta ci! Ta cinye tas!"

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya sake ni, ya ce, "Madalla. Yaron zai yi ƙarfi."

Kafin azahar ya cika. Allah ya jiƙansa, na yi kuka kamar ubana ne.

Auta ta haifi namiji, kyakkyawa, da gashi cunkus. Jiya na shiga kai masa 'yar rigar da na ɗinka. Na same ta zaune a kan tabarma, yaron kwance a cinyarta idonsa biyu. Ta kai kofin ƙarfe kusa da kunnensa, ta ƙwanƙwasa da cokali a hankali, ta tsaya tana kallon fuskarsa.