Tohon Kabar Baba

"A hankali za ka ja, Tela, ba zare ba ne," in ji Baba daga taga.

Ina tsaye a kan kujerar roba a tsakar gidansa, hannuna ɗaya riƙe da bishiyar, ɗayan a kan tohon da ke tsakiyar kanta. Ni da ko tumatir ban taɓa rayawa ba, wai yau ni ne likitan kaba. Katanga ce kawai ta raba gidana da nasa, kuma tun da ƙafafunsa suka kumbura ya daina fitowa, komai na lambun ya dawo wuyana.

Baba Mai Kaba ake ce masa a layinmu. Tsohon direban babbar mota ne. A wata doguwar tafiya ya ɗebo 'ya'yan wata irin kaba ta ado, mai ganye kamar mafici, ya zo ya shuka. Ƙananan sun jeru a gindin katanga, amma babbar guda ɗaya ce. Shekara da shekaru tana nan ƙasa kamar ciyawa, muna yi masa tsiya wai ko jikokinsa ba za su sha inuwarta ba. Shi kuwa sai ya ce ƙasa take fara shiga kafin ta yi sama. Haka kuwa aka yi, har ta zo ta fi shi tsawo.

Matsalar ita ce a hanya ta tsaya, daidai inda mota za ta shigo ta ɗauke shi zuwa asibiti. Mun sha cicciɓar sa a kujera har bakin titi. Da abin ya ishi 'yarsa, ta ce a sare ta kawai. Ya ce sai dai a fara da shi. Ƙarshe dai aka haƙo ta aka kai ta kusurwa, shi da kansa ya sa aka yanke mata ganye kakaf, wai saiwar da aka datse ba za ta iya shayar da su ba. Aka bar ta tsaye kamar turke, sai ɗan toho guda mai tsini a ka.

"Wannan tohon shi ne ranta," ya ce mini ranar. "In ka ja ka ji ya riƙe, ta kama. In ya biyo hannunka, to, shi ke nan."

Tun daga nan kullum da safe nake ba ta ruwa, shi kuma yana taga yana gyara mini. Abinci ma sai an roƙe shi, amma zancenta ba ya gajiya.

"Saboda ni aka tashe ta, Tela," ya kan ce. "Ita ba ta ce a kai ta ko'ina ba."

A safiyar da nake ba ku labari, matarsa ta tare ni tun a ƙofa. Mama muke ce mata.

"Ɗan nan, ko me ka gani ka ce masa ta kama," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Tun jiya ko ruwa bai haɗiya ba. Likita ya ce mu zauna da shi a gida. Ka gane ai."

Na gane.

Na ja. Wallahi ko ƙarfi ban sa ba. Tohon ya zaro sulluɓ, gindinsa baƙi, ya yi tuɓus, yana wari kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Dama na ba taga baya, don haka na yi maza na mayar da shi cikin raminsa, na sauko, na goge hannu a wando.

Ɗakin yana warin man zafi. Fanka na juyawa a hankali, kwalaben magani jere a kan akwatin rediyo. Mama ta riga ta gyara masa matashi, tana riƙe da kofin shayi.

"Yaya?" ya ce.

"Ta riƙe, Baba. Gam."

"Ka ji ko?" in ji Mama. "To sai ka sha shayinka."

Bai kalli kofin ba.

"Miƙo hannunka."

Na miƙa masa na hagu.

"Ɗayan."

Ya kama shi da yatsunsa masu sanyi, ya kai hancinsa. Ya daɗe a haka. Ni dai ina kallon bango.

"Je ka wanke," ya ce. Babu faɗa a muryarsa, babu komai. "Ba ka iya ƙarya ba, shi ya sa ba ka yi arziki da ɗinki ba."

Mama ta ajiye kofin, ta ɗauka, ta sake ajiyewa.

"Ƙananan nan," ya ce, "kada ka yanke musu ganye sai ya bushe ƙayau. Ko ya yi rawaya ka bar musu abinsu, suna ci daga jikinsa. Kuma ba kullum ake ba su ruwa ba, su ba a tashe su ba."

"To, Baba."

Ya karɓi shayin ya kurɓa sau ɗaya, don Mama. Daga nan ya ce a rufe masa taga.

Da yamma ina kan keken ɗinki, ina kalmasa wandon makarantar wani yaro, na ji kukan 'yarsa ta katanga. Na san abin da ya faru. Sai da na kai ɗinkin ƙarshe, na yanke zare, na ninke wandon, sannan na tashi. Na yi ta jira in ji wani abu a ƙirjina, shiru. Abin ya ba ni kunya, amma ko kunyar daga nesa nake jin ta.

Washegari gidan ya cika da masu gaisuwa, rana ta buɗe, babu inuwa a tsakar gida. Samarin layi suka kawo tamfol, suka ɗaure gefe uku a ƙarfen taga da ƙusoshin katanga, suka rasa inda za su ɗaure na huɗu. Ɗayansu ya nufi kabar da igiya. Baba ko keke ba ya bari a jingina mata, don haka na miƙe.

"Kai, kai, ba nan ba!"

"Bar su, ɗan nan," in ji Mama daga bakin ƙofa. "Mutane na cikin rana."

Yaron ya zagaya igiyar ya ja. Kabar ta ɗan karkata, ta tsaya. Inuwa ta sauka a kan tabarmi da takalman mutane, na koma na zauna a cikinta.