Murfin Kunun Aya

Tun da wuyan hannun Inna Gumsu ya fara ciwo, murɗa murfin gora ya zame mata wahala. Kunun aya muke yi a Haɗejia, ni ina ɗurawa, ita tana rufewa. Ana cikin haka Alhaji Shu'ibu, mai shagon da ke kwashe kununmu a hanyar Malam Madori, ya ce ya daina karɓar gorar da ba a matse murfinta da inji ba. Wai masu saye sai sun ji zoben murfi ya karye a hannunsu suke yarda. Ban da shi ba mu da wani mai saye na kirki.

Muka je wajen Inuwa mai kawo injina daga Kano, ya nuna wa Inna wani inji.

"Hajiya, wannan na lantarki ne," ya ce.

"Lantarki a unguwarmu? Kai ɗan nan, rufa mini asiri. Nuna mini na hannu."

Ya fito da guda biyu. Ɗaya yana ɗora murfi da sauƙi, ɗayan kuwa in ya matse sai ƙato ya yi nishi kafin ya buɗe. Inna ta dube ni.

"Mansura, ke da kike karance-karance, wanne?"

Na nuna mai matsewa sosai, don na ga shi Alhaji zai fi so.

Kashegari muka kai kunu. Da la'asar Alhaji ya kira waya. Babu wuta tun safe, firji ya huce, gorori sun kumbura sun fashe, kunu ya jiƙa masa buhun sukari. Ashe duk watannin nan hannun Inna ba ya iya matse murfi sosai, iskar tsamin kunu tana samun hanyar fita. Mu ba mu sani ba.

Inuwa ya ce injin da aka yi aiki da shi ba ya komawa.

Washegari muka sake ɗurawa, inji ya rufe. Inna ta zauna tana bin gororin ɗaya bayan ɗaya tana sassautawa, tana cije leɓe. Kowacce ta murɗa, zoben ya ce ƙas.

"Inna, ai Alhaji ba zai karɓa ba haka."

"Na sani," ta ce. "Miƙo mini waccan."