Mushen Lalura

"Ba ni sa hannu, Mushe."

Dijatu ta faɗi haka tana tsaye, hannayenta a baya kamar mai ba da hadda. Mushe Tahiru, darektan lakwal, wato makarantar boko, ta Filinge, ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya daɗe yana gogewa.

"Madmazel, ba roƙonki nika yi ba. Umurni ne, daga Yamai ya hito."

"Na ji. Ba ni sa hannu."

Shekarar nan ce Nasara suka fara maganar bar wa ƴan ƙasa mulkin cikin gida, kowane gari kuwa ya ce sai an buɗe masa lakwal. Rumfa ba ta da wuya, kara da itace ne. Malamai ne babu. Da can ba a ba mutum alli sai ya ci jarrabawar sartifika, ya kuma yi shekaru yana koyon aikin. Yanzu aka ce duk wanda ya kai ajin ƙarshe, ko ya faɗi jarrabawa, a horar da shi cikin hutun damina, ya yi darasin gwaji gaban malamai biyu masu takarda. Idan sun sa hannu, ya zama malami. A Filinge masu takardar biyu ne tak: darekta da Dijatu. Samari uku aka gwada. Na ukunsu Kailu ne, yayanta, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ta zauna a bayan aji ranar gwajin, ta ga Kailu ya rubuta lissafin rabawa a allo ya ɓata shi. Bai lura ba. Ya buga sanda, yara suka maimaita amsar da ƙarfi, da murna, har wata yarinya tana rausaya kai. Sauran biyun ba su fi shi ba. Abin da ya fi damun Dijatu ba kuskuren ba ne, muryar yaran ce.

A ƙasar Kurfai, inda Filinge take, mushe ake ce wa malamin lakwal. Daga bakin Faransawa aka tsinci kalmar, ba wanda ya damu da cewa sunan dabbar da ta mutu ba yanka ke nan. Darekta ya mayar da tabarau ya dube ta.

"Ɗiyata, zamna ki ji. Lokacin babbar yunwa ba a haihe ki ba. Ni na gani. Malamai da kansu sunka ce lalura tana halatta mushe. Yau yunwar malamai muka yi. Garuruwa nawa ka jira? Yaro shi koyi rabin karatu ya hi shi tashi bai san ko harahi guda ba."

"Wanda ya ci mushe don yunwa ya san mushe ya ci, Mushe. Ku so kuka in sa hannu in ce yankakke ne."

"Kailu hwa ɗan'uwanki ne."

"Shi ya sa kunka zaci za ni sa hannu, ko ba haka ba?"

Ta ƙara da cewa kuskuren ɗalibi hatsin cinsa ne, shi kaɗai zai ci, amma na malami iri ne, shukawa ake. Darekta ya ce magana ta yi daɗi, sai dai daɗin magana ba ya tsayawa gaban allo. Ta fita.

Labari ya riga ta gida. Ta iske Inna tana sheƙar gero a tsakar gida, ƙaiƙayi yana bin iska. Ta yi gaisuwa, Inna ba ta ɗaga kai ba.

"Nono guda kunka sha. Wa ya ɗauke ki bisa wuya ya kai ki lakwal ranar hwarko, kina kuka?"

"Yaya ne, Inna."

"To. Ki riƙe takardarki ta zame miki ɗan'uwa."

Kailu yana bakin zaure yana gyaran igiyar jaki. Shi ya fara zana mata baƙaƙe a ƙasa da tsinke tun ba ta kai shiga aji ba. Ya yi dariya wadda ba ta kai ido ba.

"Sannu da aiki, Madmazel. An kiyaye mutuncin Haransa?"

"Yaya, ka ba ni shekara guda. Kullum da marece mu zamna, ka sake sartifika, ka ci da ƙarhinka."

"Ni in zamna gaban Dije da allo?" Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Allah shi kyauta."

Kafin a gama ɗaurin damman gero amsa ta zo daga Yamai. Ba a kore ta ba, ba a rage mata daraja ba. An ce kawai tunda Madmazel ta ga babu wanda ya cancanci sabuwar lakwal da ke wani ƙauye arewa da Abala, to ita ta cancanta. Ta ɗaure akwatinta da tabarma. Motar kasuwa ta sauke ta a Abala, daga nan raƙumi. Babu wanda ya raka ta tasha.

Mai gari ya fito ya dubi raƙumin, ya dubi bayansa, yana neman wani.

"An ce muna mushe za a aiko."

"Ni ce mushen, Baba."

"Ikon Allah. Mushe da ɗankwali." Ya sosa gemu. "To, sannu da zuwa, Mushe."

Sunan ya bi ta. Yara Mushe, mata a bakin rijiya Mushe. Aka ba ta ɗaki a gefen gari, kusa da rumfar lakwal. Matan garin suna gaishe ta da ladabi, irin ladabin da ake yi wa baƙon gwamnati, amma da ta matso sai hira ta mutu. Maza ba su san inda za su ajiye ta ba, ba ta zauren dattawa ba, ba ta cikin gida ba. Tana dafa tuwon mutum ɗaya, abin da hannunta bai taɓa iya aunawa ba, kullum sai ya yi saura. Ranar Lahadi takan zauna inuwar aduwa ta karanta littafi da ƙarfi, don kawai ta ji murya tana amsa mata.

Aikin kuwa ta riƙe shi da haƙora. Iska ta yaye rumfa, ta nemo kara ta ɗaure da kanta. Aka janye yara zuwa kiwo, ta bi su har daji tana jayayya da iyayensu. Alli ya ƙare, ta koma gawayi a jikin sakainar ƙwarya. Zazzaɓi ya kwantar da ita, ta tashi da jiri ta buga ƙarfen shiga aji. Idan yaro ya yi rabawa daidai, takan juya ta dubi allo don kada su ga murmushinta, har fuskarta ta koma yadda take.

Da bazara wani ɗan koli mai suna Lawali, maƙwabcinsu a Filinge, ya biyo da jakinsa. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo fura, tana rawar jiki kamar an aiko mata gida gaba ɗaya.

"Lawali, ina labarin lakwal? Wa ka riƙe da ajina?"

"Ibrah. Wanda kunka gwada tare da Kailu."

Ta ajiye ludayi.

"Ai bayan tahiyarki an ce hannun darekta kaɗai ya isa. Su biyun duk an ba su alli. Kailu ma an kira shi, ya ce shi ba ya ɗaukar abin da ƙanwarsa ta ce bai isa ba. Ya bi ayarin Kumashi tun kaka. Ba a ji ɗuriyarsa ba."

"Inna hwa? Ta ba ka saƙo?"

Lawali ya dubi ƙwaryar fura. "Tana lahiya."

Da ya tafi ta zauna bakin rumfa, ta tambayi kanta tambayar da take gudu: da za a mayar da ita ofishin darekta, za ta sa hannu? Ta juya ta ta kowane gefe, ta tuna maganar yunwa, ta san tsohon ba ƙarya ya yi ba. Sai kuma ta ji muryar yaran nan suna rera amsar da ba daidai ba. A'a. Ba za ta sa ba.

Amma ba ta yaudari kanta ba. Ƙin da ta yi bai hana ko mutum ɗaya riƙe alli ba sai ɗan'uwanta. Yaran da ta so karewa suna hannun wanda ta ce bai isa ba. Ita kuwa ta rasa ajinta, ta rasa yayanta, uwarta kuma ba ta ƙara aiko mata ko gaisuwa ba.