Jifan da Ba a Yi Ba

Yayana Arzika masunci ne a Illo, kuma taurin kai gare shi. In ya ce a'a, ko liman sai ya haƙura. Ranar da hoton asibiti ya nuna tsakuwa a ƙodarsa, bai tsaya jin sauran bayani ba. Dutse ba ya tsirowa cikin mutum, in ji shi, sai dai a jefa. Jifa kuwa kowa ya san asiri ake nufi. Nan take ya ɗora wa ƙanenmu Bunyaminu, mai zama tsallaken iyaka a ƙasar Benin, don sun taɓa cacar baki kan wurin zuba taru.

Na yi faɗa har muryata ta dushe, a banza. Sau uku Bunyaminu yana tsallakowa dubiya, sau uku ana juya masa ƙeya. A na ƙarshe Arzika ya ce, "Tahi abinka. Wanda yaj jehe ni ba ya duba ni."

"Yaya, ni?" Iyakar abin da yaron nan ya ce ke nan, ya ɗauki takalmansa.

Bayan shekara biyu fitsari ya gagara, na kai shi Sakkwato. Likita ta zura siririn bututu, ta farfashe tsakuwar da wani haske da suke kira leza, ko yanka babu. Ta ba shi ɓarɓashin a 'yar kwalba.

"Likita, wa yaj jehe ni?"

"Baba, ba kowa. Jikinka ya tara ta. Kana wuni a rana cikin kwalekwale, ba ka shan ruwa."

Gaskiya ce. Shekara arba'in yana bisa kogi da ƙishirwa. Ban taɓa ganin Arzika ya ji kunya ba sai ranar, kuma tausayinsa ya kama ni duk da haushin da nake ji.

Bai yarda mun tsaya gida ba. Muka wuce tsallake, kwalba a aljihunsa, zai nuna wa Bunyaminu ya roƙi gafara. Tabarmi muka tarar a ƙofar gida, mutane zazzaune. An rufe Bunyaminu jiya da hantsi, zazzaɓin kwana biyu.

Matarsa Kubura ta ce, "Mun yi ta kiran wayarku, ba ta shiga." Sannan ta kawo wa baƙi ruwa, kamar yadda aka saba. Arzika ya riƙe ƙwaryar da hannu biyu, yana kallon ruwan, ya kasa sha.